Takalmin da Nasiru Ya Aiko, da Wuƙar Baduku

Jama'a, yau takalmi ya yi mini abin da ciwona bai yi ba!

Kun san ɗana Nasiru da ke Turai. Bai zo Sallah ba, sai ya aiko mini takalmin ƙwallon kwando, wai don na buga a makaranta zamanin kuɗin mai. Mu da kambas muka buga. Wanga kuwa wuyansa har idon sawu, ga igiya birjik. Kafin in kwance in yi alwala an tayar da salla!

Sai na kai wa Ɗahiru baduku a kasuwar Tambuwal. Na ce, "Yanke mini dunduniyar, in riƙa zurawa."

Ya tsarge ƙafar dama. Ya leƙa ciki ya ce, "Alhaji, soso ne da roba da gam. Da kuɗin buhun gero sai in ɗinka maka uku."

Sai ga wani malamin makaranta, abokin Nasiru, ya dafe kai. "Baba, kun kashe shi! Wanga ya kai kuɗin saniya! Sa hannun wani shahararren ɗan wasa ne a jiki!"

Ɗahiru ya ce, "Sunan ake takawa?"

Malamin ya ɗauki hoton takalmin ya tura Turai. Ban kai tasha ba waya ta ɗau ruri. Nasiru! Yana ta faɗa, ni ko ina ta sauraren muryarsa.

Wata bakwai bai kira ni ba, ko da na kwanta ciwo. Yau sau fuɗu.

Gobe zan kai wa Ɗahiru ƙafar hagu.