Tukubar da Na Gina a Bayan Gidanmu

Mahaifina mahauci ne. Shekara arba'in yana gasa tsire da balangu a Ƙofar Guga, kuma da wuƙarsa ya kai ni har jami'a. Na fara da wannan ne domin na yi shekara goma sha ɗaya a gidan aure ba a yarda in faɗe shi ba. Dangin mijina ma'aikatan gwamnati ne tun kakanni, a unguwar manya ta GRA suke zaune, kuma tun ina amarya yayar mijina, wadda kowa ke kira Hajiya, ta yanke hukunci cewa in an tambaya a ce Baba ɗan kasuwa ne. Na yi shiru a lokacin, kuma har yau shirun nan yana ba ni haushi.

Duk babbar sallah raguna uku ake yankawa a gidan, a daddatsa su ba tsari, a zuba a mai har naman ya bushe kamar itace. Ina kallo ana wulaƙanta cinya mai kyau, in haɗiye magana, don in na nuna na san nama an san daga inda na fito.

Shekarar da idanun Baba suka mutu ya bar sana'a, na ɗauko shi ya yi sallah a wurinmu. Aka ba shi ɗakin baƙi na baya. Da na kai masa soyayyen naman sai ya ɗauki tsoka ɗaya, ya juya ta da yatsu, ya sunsuna, ya mayar cikin kwano ya ce ya ƙoshi. Bai yi ƙorafi ba, amma ni zuciyata ta tafasa.

Washegari da hantsi na ɓoye cinya biyu daga rabonmu. Na tara ƙasa da toka a bayan gida na gina tukuba, wato tudun da ake kafa tsinkayen tsire kewaye da wuta. Na hura itacen ƙirya, na bar shi ya cinye ya zama garwashi. Na fere naman falle-falle, na soke a tsinke, na birkiɗa shi cikin garin ƙuli da citta da barkono, na yayyafa man gyaɗa. Ba wanda ya taɓa koya mini. Gani na yi tun ina ƙarama, hannuna kuma bai manta ba.

Hayaƙin ne ya fito da Baba, yana dogara sanda. Ya tsaya ya saurari yadda kitse ke ɗiga, ya ce wutata ta yi zafi, in ja tsinkayen baya, tsire da haƙuri yake nuna. Na sa masa kujera. Daga nan shi ke ba da umarni ni ke juyawa, 'ya'yana suna yanka albasa da tumatir, aka aika a sayo gurasa. Rabona da jin dariyarsa tun kafin ciwon idon.

Da la'asar Hajiya ta shigo da ƙawayenta yawon sallah. Ƙamshi ya jawo su har baya, suka tarar da ni da ɗaurin ƙirji a kan riga, fuska duk toka. Suka ci, suka ƙara, wata ta tambayi inda muka samo mai gashi. Hajiya ta yi caraf ta ce wani muka ɗauko daga Babbar Kasuwa, ya tafi, ni ina tsare masa wuta ne kawai.

Na ce, “Ba wanda aka ɗauko, Hajiya. Ni na gasa. Ga wanda na gada nan zaune, mahaifina, mahauci ne.”

Hajiya ta ajiye tsinkenta ta ja mayafi ta fita, kuma sai da ta shekara biyu ba ta tako gidana ba. Mijina bai goyi bayana a gabanta ba, bai kuma hana ni ba, ya dai ci tsinke shida. Ban ba kowa haƙuri ba, ban kuma ga laifin da na yi ba.

Abin da ban zata ba shi ne Baba. Bayan an watse ya lalubo hannuna ya riƙe, ya ce a hankali, “Ɗiyata, don kada ki yi warin hayaƙi na sa ki boko. Ki rushe tukubar nan, kada ki ɓata zamanki saboda ni.”

Ban taɓa yi masa musu ba a rayuwata sai ranar. Na ce masa hayaƙin nan ne ya ciyar da ni ya tufatar da ni, ba zan rushe ba, kuma baɗi ma a nan zan gasa, ƙofa a buɗe.

Hawaye suka riƙa bin gemunsa. Can ya saki hannuna ya ce in haka ne in ƙara mata tsayi da taƙi ɗaya, don ta yi gajarta.