Turaren Kwakwa da Na Fesa a Ɗakinta

Ban taɓa ganin itacen kwakwa ba sai a jikin kwalbar nan. An zana shi ya sunkuya bisa wani ruwa shuɗi da ya fi duk tafkunan Damargu faɗi. Ranar kasuwar Tanut ce, tsakiyar bazara, na tsaya gaban mai teburin turare, ni da ban san wani ƙamshi ba in ba na zuwa Juma'a ba.

"Baba, amarya za a yi?" in ji shi.

"Mai ƙarfi nake so, mai araha."

Ya fesa mini iri uku, ɗaya a bayan hannu, ɗaya a wuyan riga, ɗaya a hula, ya ce in zaga in dawo. Na zaga har wajen masu shanu, na tsaya na ji yadda ake taya bijimai. Kafin in dawo zufa ta cinye biyu. Na kwakwar ne ya rage, zaƙi-zaƙi kamar alawar yara. Na biya dala ɗari da hamsin.

Ba don ado na saye shi ba. Matata ce ƙaya ta soka a diddige wajen itace, ga ta da ciwon sukari. Wurin ya ƙi warkewa, ya yi baƙi, ya fara wari. Ma'aikacin ɗakin magani na Ollelewa ya ce in kai ta babban gidan likita a Damagaram, kada in kwana biyu. Kai ta kuwa sai na sayar da bijimina, shi kaɗai gare ni, shi ke jan amalanke zuwa rijiya, shi zan yi noma da shi. Na ce bayan shuka. Na ci gaba da barbaɗa mata garin bagaruwa.

Sai ƙanenta ya aiko cewa zai biyo ya gaishe ta. Direba ne, yana jan motar kasuwa tsakanin Belbeji da Damagaram. Na san halinsa. In hancinsa ya ji abin da ke ɗakin nan, a ranar zai saka ta mota, bijimi kuma ya tafi.

Da safe na fesa a tsumman da ke ɗaure da ƙafar, na fesa a shimfiɗa da labule. Tana kwance tana kallona.

"Malam, ka rage na gobe," ta ce. Ita da kanta ta ja zane ta rufe ƙafar.

Da hantsi ya iso. Tsakanina da shi wasa ne tun ranar da na auri yayarsa, bai taɓa gaishe ni ba tare da tsiya ba. Tun daga bakin ƙofa ya buɗe hanci.

"Tsoho, alawa ka koma sayarwa? Yaya, mijin nan naki ya tsufa da iyayi."

"Kai ko sabulu ka taɓa kawo mata?" na ce.

Ya zauna bakin gado, ya tambaye ta ƙafa. Ta ce da sauƙi, ƙaya ce kawai. Ya miƙa hannu zai ɗaga zanen.

"Sakar mini ƙafar mata," na ce. "Je ka nemi taka, gwauro."

Ya yi dariya, ya janye hannu. Ita ma ta murmusa. Cikin duk maganganun da suka taɓa fita bakina, wannan ce ba na iya haɗiye tuwo in na tuna ta.

Ya sha fura ya tafi. Kafin azahar zafi ya narkar da turaren cikin warin, suka zama abu guda da ya fi kowannensu muni. Ƙudaje suka dawo kan labule.

Bayan kwana goma zazzaɓi ya rufe ta, ta daina gane mutane. Na sayar da bijimin ƙasa da abin da na ji ana tayawa ranar kasuwa. Ƙanenta ya zo da mota, ya ɗaga zanen, ya daɗe yana kallo. Sannan ya dubi kwalbar da ke kan taga. Ya ɗauke ta ya saka ta mota, muka kama hanyar Damagaram.

A gidan likita lokotoro ya yanke ƙafar, amma ya ce dafin ya riga ya shiga jini. Ya tambaya me ya tsayar da mu. Na ce ba mu san ya kai haka ba. Ƙanenta yana tsaye a bayana. Bayan kwana uku ta cika. Ko ɗigon ruwan shuka bai sauka ba tukuna.

Har yau ƙanen nata yana zuwa duk Salla. Yakan cire takalmi tun daga zaure, ya durƙusa, ya ce, "Malam, ina wuni, ina gajiya." Bara na yi ƙarfin hali na ce masa gwauro, ko zai mayar mini. Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Allah ya ƙara girma, Malam," ya tashi ya sa takalminsa.