Kayan da Seabata Yake Goyo da Asuba

Duk wanda ya taɓa shiga motar haya a tashar Thaba Nchu ya san Maseabata, in bai san sunanta ba ya san ƙamshin fankenta. Shekara da shekaru tana gindin sandar lantarkin nan, lulluɓe da bargo, kasko a gaba, ido a ko'ina. Mace ce da ba ta yarda da kowa ba. In ta sayi gari sai ta zura hannu har gindin buhu. In fasto ya yi mata murmushi sai ta fara tunanin me yake so. Ba haka aka haife ta ba. Tun ranar da mijinta ya faɗa ramin haƙar zinariya a Welkom, wasu masu kwat suka zo suka ce mata bai sha wahala ba, ta daina sayen magana mai laushi. Ɗa guda ya bar mata, Seabata, wanda ake kiranta da sunansa, don Maseabata na nufin Maman Seabata.

Seabata yana zuba mai a gidan man bakin titi. Saurayi ne shiru-shiru, ba giya, ba rigima, irin wanda ake mantawa yana ɗaki. To da sanyin bana ya shigo sai ya canza. Tuwon masarar da suke ci su biyu har ya kwana, shi kaɗai yake tashi da shi, ya leƙa tukunya. Kafin zakara ya yi cara ya fice, ya dawo gari na wayewa, raɓa ta daskare a kan ciyawa amma shi sharkaf da gumi. Ranar da ta ɗauki rigarsa za ta wanke ta ga jini a kafaɗu biyu.

"Wannan fa?" ta ce.

"Motsa jiki ne, Mme," ya ce, don haka ake kiran uwa a can.

"Motsa jiki! Jikin ne yake cizonka?"

Ya yi dariya ya fita abinsa. Ita kuwa ba ta ga abin dariya ba, don a daidai lokacin ne tumaki suka fara ɓata a unguwa. Kowa ya san yadda ɓarayin suke yi: cikin dare su saɓa tunkiya a kafaɗa, su tsallaka dutse, mota na jiransu a ɗaya gefen. Wanda abin ya fi ci shi ne Ntate Thulo, wato Baba Thulo, tsohon da ya fi son tumakinsa a kan jikokinsa. Ya zo tasha ya sayi fanke, ya tsaya yana juya shi a hannu.

"Maseabata, yaronki ya yi ƙirji fa. Man fetur ne ke gina mutum haka?"

"Ci fankenka, Ntate, kada ya huce."

"Ina ci. Na dai ce akwai mai hawa dutse da kaya a baya kullum asuba. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima."

Ta ji kunya, ta ji tsoro, ta kuma ji haushin kanta da ta ji tsoron. Daga ranar ta shiga gadin ɗanta. Kowane dare in ya kwanta sai ta barbaɗa gari a bakin ƙofarsa da gindin taga don ta ga sawu in ya fita. Kowace safiya ta sunsuna rigarsa, ta bi ɗinki tana neman gashin tunkiya. Ba ta sami komai ba, rashin samun kuma ya ƙara mata zargi, don a wajenta ɓarawon da bai bar alama ba shi ne gwani.

Wata safiya ta bi sawun takalminsa har bayan gida. Ƙarƙashin wani tsohon kwanon rufi ta tarar da jakar goyo. Ta ja, ko gezau. Ta buɗe tana jiran warin nama, sai ga dunƙulen siminti da aka zuba a bokitin fenti ya daskare. Tana tsugune a kansa Seabata ya iso.

Bai yi gardama ba. Ya ce yana so ya shiga sojan laima na ko-ta-kwana, masu riƙe aikinsu na gida, in an kira su tafi. Ya ce a wajen tantancewa a Bloemfontein ana ba mutum dutse irin wannan ya yi ta yawo da shi, ya yi gudu da takalmin soja, ya goyi ɗan'uwansa, wanda ya ajiye kuwa sai gida. Wanda ya jure, shi ake koya wa dira daga jirgin sama.

"Daga ina?"

"Daga jirgi, Mme. Da laima."

"Ƙasa ta cinye ubanka, kai kuma ka kai kanka sama? Wallahi gara a ce tumakin kake sata! Aƙalla ɗan kurkuku ana kai masa tuwo ranar Lahadi."

"Shi ya sa ban faɗa miki ba." Ya sunkuyar da kai. "Kuma kada ki yi mini wannan fatar. In 'yan sanda suka buɗe ƙara a kaina, ko ta ƙarya ce, ba za a ɗauke ni ba."

Wannan magana ta shiga kunnenta ta zauna daram.

Ranar Lahadi bayan coci dattawan unguwa suka kira taro a kan tumakin. Ntate Thulo ya nuna Seabata da sanda. Seabata ya miƙe ya faɗi gaskiya, har ya je ya saɓo jakar ya dire a tsakiyar fili. Maza suka kwashe da dariya.

"Kai, mai zuba fetur, sojan laima?"

"To ai ga shi nan," in ji Thulo, "nauyin rago ne cif! Da dutse yake gwaji, da tumakina yake aiki. A kira 'yan sanda kawai."

Shugaban taron ya ɗaga hannu. Ya ce a tambayi uwarsa. Kowa ya san Maseabata ba ta rufa wa kowa asiri, ita ce da ƙanenta ya kwashe wayar lantarkin coci ta kama shi da hannunta ta kai shi wajen 'yan sanda. Abin da ta ce, shi ke nan.

Kowa ya juyo gare ta. Ba sai ta yi ƙarya ba. In ta ce ba ta sani ba kawai, shi ke nan, sai a buɗe ƙara, ƙarar ta mutu da kanta bayan an gama tantancewa, ɗanta ya tsufa a gidan mai ƙafarsa a ƙasa. Wallahi ta so hakan, ta so shi har cikin ranta. Ta dubi Seabata. Bai roƙe ta da ido ba, yana tsaye gefen dutsensa, jini ya sake fitowa a kafaɗar farar rigarsa ta coci.

"Ntate Thulo," ta ce, "na riga ka zarginsa. Kullum dare gari nake zubawa a ƙofarsa, ba a taɓa taka shi ba sai asuba, tumakinka kuwa ka ce da tsakar dare suke tafiya. Rigarsa na sunsuna har na kusa mura. Warin gumi ne da wauta, babu na tunkiya. Ɗana ba ɓarawo ba ne. Mahaukaci ne, zai yi tsalle daga jirgi. Je ka tambayi surukinka, mijin 'yarka, inda ya sami naman da nake ganin yana gasawa kullum a tasha."

Taro ya watse da hayaniya, ita ba ta tsaya ji ba. Da suka isa gida ta ciro bargon mijinta da ta adana tun rasuwarsa, ta sa almakashi ta yanko gefe, ta naɗe igiyoyin jakar ta ɗinke don kada su ƙara cin kafaɗarsa. Da ta cije zare sai ta dube shi.

"Wa yake naɗe laimar?"

"Akwai masu aikin, Mme."

"Ɗan gidan wa? Ka bincika. Kuma in ya ba ka yana murmushi, ka ce ya canza maka wata."

Seabata ya tafi tantancewa, bai ajiye dutsen ba, aka ɗauke shi. Maseabata tana nan a gindin sandarta. Tun da take sana'a fanke bai taɓa ƙone mata ba, amma yanzu direbobi sun sani: in jirgi ya gitta ta saman gari, wanda ke kasko na kyauta ne, don sai ya yi baƙi ƙirin kafin ta sauke kanta daga kallon sama.