Malam Nuhu da Kalmar Sirrin da Kowa Ya Sani

Ina tsaye a bakin get ɗin kamfaninmu na robobi a Challawa, ina jiran wata tirela ta gama juyawa in wuce, sai wayata ta yi ƙara. Malam Garba ne, dattijon sashenmu na kwamfuta. Ya yi sallama, sannan ya ce, "Hauwa, sai haƙuri. Malam Nuhu ya cika da asuba." Na yi salati, na nemi bencin masu gadi na zauna. Duk mun san yana jinya, amma ko kusa ban shirya wa jin wannan labari ba.

Malam Nuhu shi ne shugaban sashenmu, shi ya ɗauke ni aiki ina gama makaranta. Mu ke rubuta kod, wato umarnin da ke gaya wa injina irin zafin da za su narka roba da shi, da wanda ke auna kayan da motoci ke fita da su. Ban taɓa ganin ya gyara wa mutum kuskure a gaban jama'a ba. Kujera yake jawowa kusa da kai, ya ce, "Mu duba tare, ƙila idona ne." Alhali ya riga ya ga kuskuren tun daga bakin ƙofa. Idan aka tashi cin abinci, wurin leburorin da suka sauka daga aikin safe yake zama, yana tambayarsu yadda damina ta yi a garuruwansu.

Aikin da nake so a tuna da shi a kansa ya samo asali ne daga wata ɗabi'a tamu. Kod ɗinmu yana ajiye a wata ma'ajiya ta intanet, kuma da asusu ɗaya da kalmar sirri ɗaya kowa ke shiga. Mu mun san ta, ɗaliban da suka zo koyon aiki sun san ta, waɗanda suka bar mu suka koma kamfanonin Sharada da Bompai ma sun tafi da ita a ka. Babu wanda ya iya canza ta, saboda kara. Mutum ya tafi yau, gobe ka canza kalma, ai ka kira shi ɓarawo ke nan, kuma jibi za ku haɗu a ɗaurin aure. Ga shi duk wanda ya shiga ya taɓa lissafin zafin inji, kayan yini guda sun lalace, ba kuma za a san ko wane ne ba.

Ni kam abin ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma ba na iya ɓoye fushi. Na sha ce masa, "Malam, ku bari in canza ta, wanda zai ji haushi ya ji." Sai ya yi murmushi ya ce, "Ke so kike a rufe ƙofa. Ni so nake a rufe ta ba tare da an datse wa kowa yatsa ba."

Dabararsa ita ce a haɗa ma'ajiyar da manhajar tantance ma'aikata, wadda ofishin Hajiya Talatu, mai kula da ma'aikata, ke amfani da ita wajen ba mu imel. In an haɗa su, kowa zai shiga da sunansa. In mutum ya bar aiki Hajiya ta cire shi a can, ma'ajiyar za ta rufe masa da kanta, babu wanda ya ce masa uffan. Yakan ce, "Inji ba ya jin kunya, kuma ba a riƙe shi a zuci."

Wanda ya fara ƙi shi ne Malam Garba, wanda ya riga kowa zuwa kamfanin. Ya ce, "Yanzu Nuhu, bayan furfurar nan, sai an tantance ni kafin in shiga aikin da na rubuta da hannuna?" Malam Nuhu bai amsa masa a ofis ba. Ranar Lahadi ya hau mota ya je gidansa a Panshekara, suka zauna a zaure. Daga baya Malam Garba ya ba ni labarin abin da ya ce masa: "Yaya, in ɓarna ta faru yau, duk wanda ya san kalmar nan abin zargi ne, har da ku. Sunanku nake so in wanke tun kafin a ɓata shi." Malam Garba ya ce daga nan ya amince, ya sa aka kawo musu fura.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka muka daɗe muna gwaji. Muka raba mutane rukuni-rukuni, masu karantawa kawai da masu ikon gyarawa, muka gabatar da manhajojin biyu ga juna har kowace ta yarda da shaidar 'yar'uwarta. Tsoronmu ɗaya ne: in haɗin ya ƙi bayan an kashe tsohuwar kalma, dukanmu muna waje, injina kuma ba sa jiran kowa. Ranar Juma'a aka zaɓa, lokacin da ake tsayar da su don masallaci. Da aka dawo, Malam Nuhu ya kashe tsohuwar kalmar, ya tashi daga kujerarsa ya ce, "Yaya, bismilla, ku za ku fara." Malam Garba ya gyara tabarau, ya rubuta sunansa da yatsa ɗaya kamar yadda ya saba. Allon ya yi fari, sai ga ma'ajiyar ta buɗe da sunansa a sama. Ya yi kabbara da ƙarfi har direbobin da ke waje suka leƙo. Ni ma ban san lokacin da na rangaɗa guɗa a ofis ba, Malam Nuhu ya yi dariya har da hawaye.

Ba a jima ba wani abokin aikinmu ya samu gurbi a Bompai. Aka yi masa walima da tsire, aka yi addu'a, Hajiya Talatu ta cire sunansa. Har yau yana zuwa gaishe mu da fara'arsa.

Da ciwo ya fara kwantar da Malam Nuhu, ya kira ni da Malam Garba ya danƙa mana ikon kula da tsarin, ya ce kada ya rataya a wuyan mutum ɗaya. Bayan addu'ar uku, Hajiya Talatu ta shigo ofishinmu idonta jawur. Ta ce, "Hauwa, hannuna ya ƙi cire Malam Nuhu daga manhajar. A bar sunansa mana, wa zai cutar?" Wallahi ni da na fi kowa zafi, na ji zuciyata ta karkata. Malam Garba ne ya ce, "Hajiya, wayarsa na hannun yara, asusunsa na cikinta, ikonsa kuma ya kai ko'ina. In muka yi masa kara, mun rushe abin da ya gina. Mu je tare." Muka bi ta ofishinta, muka tsaya a bayanta, ta yi bismilla ta cire. Muka dawo muka duba, asusun shugabanmu ya rufe kamar na kowa, injina na ta aiki, ko ɗaya bai tsaya ba. Na yi kuka sosai, amma ban taɓa alfahari da shi kamar ranar ba.

Ya Allah, bawanka Nuhu ya rufa wa mutane asiri a duniya, Ka rufa masa nasa a gabanka. Ka gafarta masa, Ka yalwata kabarinsa, Ka sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Ka ba mai ɗakinsa da 'ya'yansa haƙuri, Ka raya su cikin albarka, kada Ka bar su su nemi komai a hannun wanda zai wulaƙanta su. Mu kuma Ka ba mu ikon riƙe amanar da ya bar mana, in tamu ta zo mu cika da imani. Amin.