Mai Hayaƙi da Babur ɗin Gajere

Kawuna, yayan mahaifiyata, bakanike ne, amma ba kowane babur yake taɓawa ba. Tsofaffin nan yake gyarawa, masu shan fetur gauraye da baƙin mai, waɗanda in sun wuce sai su bar shuɗin hayaƙi a layi. Shi ya sa ake ce masa Mai Hayaƙi. Ya haura shekara talatin a rumfa ɗaya, bayan shagon wani mai walda. Abokan sana'arsa duk sun koma kan sababbin babura, shi kuwa ya ƙi. A jikin bangon rumfar akwai katako uku cike da gwangwanaye, kowanne da tsofaffin kayan inji a ciki, an rubuta sunan mai babur ɗin da aka ciro su da fenti.

Da na gama jami'a na dawo gida jiran aiki, Mama ta ce zaman ɗaki zai sa in manta yadda ake gaisuwa, ta ɗora mini kai masa abincin rana. Ni ba mai yawan magana ba ce, shi ma in yana aiki ba ya son surutu, sai muka dace. Nakan zauna a ƙarshen benci ina kallo. Digiri yake kirana.

Wata Asabar aka turo wani jan babur da fentinsa ya koɗe. Mai turawar matashi ne, a bayansa wani dattijo yana ɗingishi. Dattijon shi ne Gajere, mai gyaran keken ɗinki, wanda ke zagaya ƙauyuka da akwatin kayan aiki ɗaure a bayan babur. Ya taɓa karyewa a ƙugu, ƙafarsa ta hagu ba ta ɗaukar nauyi. Sababbin babura sun yi masa tsawo, sun yi masa nauyi. Wannan ne kaɗai yake iya hawa ƙafarsa ta kai ƙasa.

Kawu ya taka kik, ya ji ya ƙi motsi. Ya buɗe tanki ya sunsuna.

"Wa ya zuba masa fetur tsura?"

"Ga shi nan a tsaye," in ji Gajere, yana nuna matashin da haɓa. "Babban ɗana. Aron yini ɗaya ya yi."

"Baba, ni ina na sani? Kowane babur fetur ake zuba masa a wuce," in ji ɗan. Ya juyo wajen Kawu. "Don Allah ka gaya masa gaskiya. Abin nan ya girme ni. Mun yi magana da ƙannena, a sayar wa masu tsofaffin ƙarafa, shi kuma ya zauna a gida ya huta."

"In huta in yi me? In riƙa ƙirga ƙudaje?"

Suka yi ta ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan sati biyu. In babur bai tashi ba ran Asabar ta biyu, mai ƙarafa zai zo da sikelinsa, Gajere kuma ya ajiye akwati.

Da Kawu ya kwance kan injin, sai ga fistan, ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin silinda, ya narke ta gefe ɗaya, ya kakkarce cikinta. Ya zazzage gwangwanayensa kaf bai samu wanda ya yi ba. Kwana uku yana rufe rumfa da hantsi ya shiga kasuwar kayan gyara, ya dawo hannu biyu. Yaran shaguna har tsokanarsa suke yi: "Baba, irin wannan sai dai a gidan tarihi."

Ni kuwa na riga na kwafe lambar da ke jikin injin a bayan hannuna. Na bincika a waya, na samu wani mai shago a wani gari mai nisa yana da fistan na wannan lambar, sabo a kwalinsa. Na saya ban gaya wa kowa ba. Kunya ta hana ni tambaya, kuma ina son in ga fuskar Kawu in na ajiye masa.

Ran Laraba ta sati na biyu ya iso. Na ɗora kwalin kusa da kwanon abincinsa na koma ƙarshen benci. Ya buɗe, ya daɗe yana juya shi a hannu. Sai ya jawo silindar ya saka shi ciki, ya girgiza. Ƙwal, ƙwal, kamar cokali a kofi.

"Zo nan, Digiri."

Ya nuna mini wasu 'yan tsaga biyu da aka yi da zarto a gefen silindar.

"Ni na yi su. Duk lokacin da cikinta ya cinye na kai aka ƙara mata faɗi, sai in yi tsaga ɗaya, in sa fistan da ya fi na da girma. Sau biyu ke nan. Mai girma na uku nake nema, shi kuma rabona da ganinsa ya fi shekara goma. Lambar da kika kwafa ta girmansa ce na ranar da babur ɗin ya fito daga kamfani."

Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na ce, "Ka yi haƙuri, Kawu," muryata ko ni da ƙyar na ji ta.

Bai ko kalle ni ba, fistan ɗin yake kallo.

"Sabo fil. Ba a mayar da irin wannan. Kin sayo ƙafa, sai mu nemo mata takalmi."

Nufinsa, a nemo silindar da ba a taɓa ƙara wa faɗi ba. Ya zauna, abinci yana hucewa, yana lissafa babura a kan yatsunsa. Can ya miƙe ya leƙa ta katanga.

"Mai walda! Ka tuna babur ɗin malamin makarantar nan, irin na Gajere, da babbar mota ta take a ajiye, wata biyu da saye? Ina silindar da na ba ka?"

"Kai, Mai Hayaƙi, lokacin ko aure ban yi ba! Surukina mai faci ya ɗauka yana danne faci a kanta. Shi kuma ya rasu, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Iyalinsa fa?"

"Sun tashi. Can bayan layin dogo aka ce."

Ranar Alhamis gaba ɗaya a ƙafa muka yi ta, ni da shi, muna tambaya ƙofa ƙofa. Na ce ya hau mota, ya ce mota ba ta tsayawa a yi tambaya. Sai da safiyar Juma'a muka samu gidan. Matar marigayin tana kiwon kaji a tsakar gida. Ana cikin gaisuwa na ga idon Kawu ya bar fuskarta ya koma sama. A kan rufin akurkin akwai duwatsu biyu da tsohuwar taya, da wani baƙin ƙarfe mai haƙarƙari, an danne kwano da su.

"Yaya, wancan ƙarfen na zo roƙo."

"Wanne? A'a. Shi ke riƙe mini kusurwar nan. In iska ta yaye rufin, kai za ka zo ka kwana kana riƙe wa kajina?"

Kawu bai yi musu ba. Ya bar ni a nan ya koma rumfa, ya dawo da matacciyar silindar Gajere da guduma da ƙusoshi. Ya ɗora mata a hannu.

"Ɗaga ki ji. Uwarsu ɗaya ubansu ɗaya."

Ta jinjina, ta taɓe baki. Ya hau kan turmi ya kafe mata kwanon da ƙusa duk kusurwa huɗu, sannan ya ɗora tsohuwar a gurbin waccan.

"To, tunda ka kafe, me zan yi da wannan kuma?"

"Ado," in ji Kawu.

Zanzaro ya yi gida a cikin silindar, haƙarƙari ɗaya ya ɓalle, amma babu tsaga ko ɗaya a gefenta. Ya jiƙa ta a kananzir, ya naɗa sanfefa mai laushi a jikin sanda, ya yi ta juyawa a ciki tun azahar har la'asar, yana sharewa yana ɗagawa ga haske. Tsatsar ba ta ci zurfi ba, tsohon baƙin mai ya kare ta. Da ya saka fistan ɗina, sai ya sauka a hankali, ba ƙara.

Wajen haɗawa ya ce in wanke hannu in zo.

"Yatsunki sun fi nawa siranta. Kin ga kibiyar nan a kansa? Salansa take kallo. Matse zoben nan biyu, bakinsu ya zauna a kan 'yar ƙusar da ke cikin raminsu. In ya goce, karyewa zai yi, mu koma bayan layin dogo."

Na matse har farcena ya yi fari. Ya sauko da silindar a hankali, ta haɗiye zobe na farko, ta haɗiye na biyu.

Ran Asabar da hantsi suka iso: Gajere, da ɗansa, da mai ƙarafa riƙe da sikeli. Kawu ya auna baƙin mai ya gauraya da fetur a jarka, ya zuba. Ya taka kik sau bakwai, shiru. Mai ƙarafa ya fara warware igiyarsa.

"Malam, mayar da igiyarka, ba akuya ka zo saye ba," in ji Kawu.

Ya cire fulogi, ya ga ya jiƙe, ya goge shi ya hura, ya mayar. Ya share zufa da gefen riga. A taku na uku injin ya yi tari, ya sake tari, sannan ya kama ƙara mai kaifi, hayaƙi ya cika rumfar har mai walda ya leƙo yana zagi.

Gajere ya matso. Ya karɓi akwatinsa daga hannun ɗan, ya ɗaure da kansa, ya ɗaga ƙafar nan a hankali ya hau.

Kawu ya matso kusa da kunnensa saboda ƙara. "Sati biyu kada ka ja shi da ƙarfi. Ran Talata ka dawo in ƙara ɗaure kan injin. Kuma ka sani, shekara biyar zan iya yi maka alkawari, ban da haka ban sani ba."

"Biyar? Ni ƙugun nawa ma bai yi mini alkawarin biyar ba."

Ya sa giya ya saki kuloci. Kawu ya bi gefensa da sassarfa, kansa a karkace yana sauraron injin, har bakin titi. A can ya tsaya, ya ɗaga masa hannu, Gajere ya wuce.