Kofin Mama Hannatu

Ba a taɓa kama Mama Hannatu da laifi ba, kuma ba ta bari kowa a Unguwar Television ta Kaduna ya manta da haka ba. Daga ƙasar Filato ta zo tana amarya, bayan mijinta Samuel ya samu aiki a masaƙa a Kakuri. Shi mutum ne mai sanyin hali. Ya yi aikinsa, ya ci da iyalinsa, ya mutu bai taɓa kayar da ita a gardama ba. Ita kuwa ta zauna daram, ta tsufa a majami'a ɗaya, a kan benci ɗaya: na gaba, ɓangaren mata, can bakin hanya.

Burukutu bai taɓa shiga bakinta ba. Ba ta taɓa makara a sujada ba. Zanenta na Zumuntar Mata kullum a goge yake, sai ka ce ba a zama da shi. Duk wannan gaskiya ne, sai dai kirkin nata irin wanda ba ya ƙosar da kowa ne sai mai shi. In aka ce ta yi addu'a, mata sai su shiga taitayinsu, don ƙarar mutane take kaiwa wurin Allah, da sunayensu. "Ya Uba, ka tuna da 'yar'uwarmu wance, wadda aka gani jiya a inda bai kamata ba." A ce amin, wance ta tafi gida tana kuka, Mama ta tafi tana jin ta yi wa Allah aiki. Laifi tudu ne, in ji Hausawa, ka taka naka ka hango na wani. Ita Mama a ganinta a fili take tsaye, tsawo ne kawai Allah ya ba ta.

Tun da daɗewa aikin wanke kofunan Jibin Ubangiji yake hannunta. 'Yan ƙananan kofuna ne na gilashi, ana jera su a faranti na katako mai ramuka, a zuba jan ruwan inabi, dattijo ya zagaya da su benci benci, kowa ya ɗauki ɗaya. To, wanda ke wanke kofi ya san bakin jama'a. Mama ta san mai tari, ta san mai cin goro, ta san wanda ya kwana a mashaya ya zo da safe yana rera waƙa da ƙarfi. Tunanin cewa leɓenta zai sauka inda na waɗannan ya sauka shi ke tayar mata da zuciya. Sai ta zaɓi kofi guda, ta ɗiga masa jan farce a gindi. Shi kaɗai take wankewa da sabulu da ruwan zafi, ta naɗe a hankici, ta adana a akwatinta. Sauran kuwa, tsoma su take a ruwan roba ɗaya ta kife. Zamanin da ake layin sabulu da madara ne, saboda haka har hujja gare ta. Ranar Jibi ta sa nata a ramin kusurwa, wanda ya fi kusa da hannun mai ɗaukar farko. Mai ɗaukar farko a ɓangaren mata kuwa, kowa ya san ko wace ce. Shekara da shekaru tana sha ita kaɗai a teburin da aka shirya don kowa, tana sunkuyar da kai cikin tawali'u.

Akwai wata mata, Celina, 'yar ƙasar Binuwai. Da aka rage ma'aikata a masaƙa aka sallami mijinta, sai ta kama dafa burukutu don yara su ci. Mama ce ta kai maganar wurin dattawa, da gudunta. Aka sa Celina a horo, wato aka hana ta Jibi, aka mayar da ita bencin baya. Ta daɗe a can. Daga baya ta fasa tukwanenta, ta koma suyar doya a bakin titi, ta zo ta nemi gafara.

Ranar da za a karɓe ta, Lahadin Jibi ce. Fasto Yohanna, wanda bai daɗe da zuwa ba kuma bai san tsarin zaman manya ba, ya kira ta gaba. Ya ce wa jama'a teburin nan ba ladan masu kirki ba ne, abincin mayunwata ne, kuma ba wanda ya taɓa zuwa gare shi da guzurinsa. "Wanda ya dogara ga wankin kansa," in ji shi, "da dauɗarsa zai koma. Yesu ne mai wankewa." Mama ta gyaɗa kai, ta waiga ta dubi waɗanda take ganin da su ake. Sai fasto ya kamo hannun Celina ya kawo ta bencin gaba.

"Mama, ɗan matsa wa 'yarki."

Ta matsa. Me za ta ce a gaban jama'a? Celina ta zauna a bakin hanya, jikinta na ƙanshin man suya. Dattijo ya iso da faranti. Celina, hawaye na zuba, ta miƙa hannu ta ɗauki wanda ya fi kusa. Da ta ɗaga shi, Mama ta hango ɗigon jan farce a gindinsa.

Farantin ya tsaya a gaban Mama. Ta dubi kofunan, ta tuna ruwan robar nan, yadda yake yin kauri kafin ta gama, ta tuna bakin wane da bakin wance. Ai ita ta wanke, ta fi kowa sanin ba a wanke ba. Dattijo ya ƙara matso da shi. Sai ta naɗe hannuwanta a cinya, ta girgiza kai.

Sai da farantin ya wuce ta gane abin da ta yi. A wannan ikkilisiya ba a tambayar dalilin wanda ya bar kofi ya wuce shi, don an riga an sani: akwai zunubin da ke cinsa a ɓoye, wanda bai tuba ba. Ita ma da bakinta ta sha koya wa 'yan mata haka. Kuma ba wanda ya kai ta lura da masu ƙin ɗauka, ta bi su har gida da tambaya. Ba ta waiga ba, amma tana jin idanun mata a ƙeyarta.

Kafin a sauke tukwanen rana labari ya kai Unguwar Boro. Waɗanda ta taɓa kai ƙararsu cikin addu'a suka sha dariya har da riƙe ciki. Wasu suka ce kuɗin Zumunta ne, wasu suka ce ai dama mutuwar Baba Samuel da alamar tambaya. Ba ko ɗaya da ya yi daidai, gaskiyar kuma ba ta faɗuwa. Ta ce me? Ta ce shekarun nan duka ƙazanta take shayar da su, ita tana sha a tsabta?

Da yamma sai ga Celina da soyayyar doya a kwano. Ta durƙusa a ƙofar ɗaki.

"Mama, sori fa. Na ga abin da ya faru. Ni ba tambaya na zo yi ba. Amma ko mene ne, Mama, ni na san wurin nan da kike, na zauna a ciki. Kar ki ce sai kin gyara kanki tukuna, ba ya gyaruwa. Ki je wurin Yesu haka nan. In ya karɓe ni, ke ce zai ƙi?"

Da a ce marinta aka yi da ya fi mata sauƙi. Mai burukutu ce yau take mata wa'azi, har tana haɗa su a layi ɗaya!

"Ni da ke ba ɗaya ba ne," in ji Mama. "Ɗauki kwanonki."

Wata ya zagayo, Jibi ya sake zuwa. Wannan karon ta shirya: kofinta ya sha ruwan zafi har ya kusa fashewa, yana kusurwarsa, ita ma tana bakin hanyarta. Amma ana cikin addu'a sai wani tunani ya faɗo mata. In ta sha yau, me za a ce? Za a ce Mama ta tuba. Wanda ya tuba kuwa, ai ya yi laifi ke nan. Shan kofin zai zama ta sa hannu a kan duk abin da ake faɗa. Gaba kura, baya sayaki. Farantin ya zo, kofinta na kallonta, ta bar shi ya wuce. A ranta ta ce sai maganar ta kwanta tukuna. Amma maganar da kake ƙara wa itace duk wata ba ta kwanciya.

Fasto Yohanna ya same ta a gida, ya tambaye ta ko akwai abin da za ta sauke.

"Fasto, tun ba a haife ka ba nake cikin ikkilisiyar nan. Je ka tambaya, wa na taɓa cuta? Me na taɓa sha? Ba ni da abin tuba."

"To, Mama, in ba ki da shi, me Yesu zai yi miki?"

Ta ce yaro ne, bai san manya ba. Dattawa suka karɓe wankin kofuna, tunda marar cin Jibi ba ya riƙe kayan tebur, suka ba wata Grace, wadda take wanke kowanne da sabulu ba tare da ta san wani abin kirki take yi ba. Mama ta ci gaba da zuwa sujada kan lokaci, zane a goge, kai a sama. Duk wata faranti ya zo ya wuce. Har mutane suka gaji da maganarta, suka kama wata. Ita kaɗai ce ba ta sani ba. Tana nan tana gadin sunan da ba wanda ke nemansa, ta hana kanta abinci don kada a ce tana jin yunwa. In akwai wautar da ta fi wannan, ba a kawo ta kudancin kogin Kaduna ba tukuna.

Wajen ƙarshen shekarun alif ɗari tara da tamanin ciwo ya kwantar da ita. 'Ya'yanta suna nesa, matan Zumunta ne ke karɓa-karɓa wajen jinya, har da waɗanda ta sa kuka. Da aka ga jikin ya ƙi, fasto ya zo da rana da gurasa da kofi a 'yar jaka. Mata suka cika ɗakin, wasu a bakin ƙofa. Ya zuba ruwan inabi, ya durƙusa a gefen gadon, ya ce mata ba a neman komai daga hannunta, an riga an biya, buɗe baki kawai za ta yi.

Ta daɗe tana kallon kofin. Leɓenta ya bushe, kuma duk wanda ke ɗakin ya ga tana so. Sai idonta ya bar kofin ya bi fuskokin matan ɗaya bayan ɗaya. Ta yi wa fasto alama ya matso da kunnensa.

"In na sha," ta ce da 'yar muryar da ta rage mata, "za su ce na tuba."

"Haka za su ce, Mama. Kuma za su yi murna."

Ta tattara ɗan ƙarfin da ya saura, ta juya fuskarta bango.