Zarton da Baba Yake Shayarwa

Jiya man gyaɗa ya ƙone mini a kasko, ƙaurin ya tuna mini da Baba. A Funtuwa, farkon samun 'yancin kai, shi ke huda wa manoma gangunan ƙarfe da wani zagayayyen zarto. Guda ɗaya gare shi, in ya dakushe ba tuwo. A hankali yake murza shi, yana ɗiga masa man miyar Inna don kada haƙoran su yi zafi.

Wata rana Inna ta kama shi da ludayi. "Malam, ƙarfe ma miya yake sha?"

"Ki bar shi ya sha," in ji Baba. "Da haƙoransa muke tauna."

Baba ya rasu ba haƙori a bakinsa, na zarton kuwa ko ɗaya bai karye ba. Allah Ya sanyaya makwancinsa.